Lalas a Fuskar Inna

Daren Laraba, Sifawa

Har yanzu haushi nake ji. Likitan Sakkwato ya ce miyakun nan uku na fuskar Inna sankarar fata ce, kowane irinsa daban, abin da ba kasafai yake gani ba. Ya ce kada a taɓa su sai ranar tiyata.

Yau na dawo na ishe gida yana ƙaurin nama. Kawu ya zo daga Horo Birni, ya gasa ƙarfe ya yi mata lalas.

Na ce, "Kawu, saniya ce?"

Ya ce, "Ko bijimina da shi ya warke."

Inna ko tari ba ta yi ba, wai kada ta kunyata wanta. Gobe yana can rugarsa, ni ce zan yaye mata mayafi gaban likita.