Ƙwaya Goma ko Sha Takwas?

Malam mai shawara, a taimake ni. Tun shekarar farin da ya kawo soja kan mulki ban ga shekara irin bana ba. Wancan karon na tsira da raƙuma, wannan karon taguwa ɗaya ta rage mini, nononta jikokina ke sha. Da kakarta na yi ta zuwa Bilma ɗaukar gishiri. Yanzu tana ramewa, da ƙyar take tashi.

Ƴata Zeinabou ta karɓo magani wurin likitan dabbobi. Cikin turmutsutsu ba ta ji bayaninsa ba, ta dai ji ya ce in ya yi yawa yana kisa. Ya rubuta a kwali: 4 + 2 × 3. Ya bi kamiyo, babbar motar soja, zuwa daji, ba a san ranar dawowarsa ba.

Mijinta Illo, mai aikin gawayi a Anou Araren, ya ce huɗu da biyu shida, sau uku, sha takwas. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, wannan ma maƙwabci ke rubuta mini. Amma rubutun da na tashi na gani daga dama ake fara shi. Na sa aka karanta mini haka: uku sau biyu shida, da huɗu, goma. Illo ya yi dariya gaban ƴata. Bai ƙara gaishe ni ba, kuma ya rantse zai ɗura wa taguwar sha takwas ɗin in na fita masallaci.

Gobe da safe zan kora ta Tabelot wurin ƙanena, kwalin na aljihuna. Ba mai taɓa ta sai amsarku ta zo.

Tsoho mai taguwa ɗaya, Agadas

Amsa: Baba, Allah ya ba ta lafiya. A ƙa'idar lissafi goma ne, amma ba don an fara daga dama ba. Duk inda “sau” ya haɗu da tarawa, shi ake fara yi, ko a ina ya tsaya. Da sha takwas ake nufi, sai a kewaye huɗu da biyu da baka, haka: (4 + 2) × 3. Watakila likitan na nufin huɗu ranar farko, sannan bibbiyu kwana uku.

Na ce watakila, don mai rubutu cikin gaggawa yakan manta baka, kuma yadda Illo ya karanta haka mutane da yawa ke yi. Dariyarsa kuskure ce, amma nonon ƴaƴansa yake tsoron rasawa.

Ina fata ba ka kama hanya ba. Taguwar da ke tashi da ƙyar ba ta kai Tabelot. In kun tafi, a bar ta inda ta tsaya. Ka kai kwalin biron kiwo, wato ofishin kula da dabbobi na Agadas, duk ma'aikacin da ya san maganin zai faɗi adadinsa. Ka tafi da Illo, ku ji da kunnuwanku tare. Kafin nan, ko ƙwaya ɗaya kada a ba ta. Allah ya kawo ruwa, Baba.