Ƙyallen da Ziyad Ya Jefa

Dearborn, 14 ga Janairu

Zuwa ga ƙanena Ziyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Salwa da yara. Mu nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta binne mini mota.

Na ɗauki biro ne saboda wayarka a kashe take tun ranar Lahadi. Ban ga laifinka ba, Salwa ta gaya mini irin zagin da ake turo maka.

A gidan burodin Yaya Ghassan muka kalli wasan, ƙwallon nan taku da ake jefawa a cafke da hannu. Ya kashe tanda tun azahar, aka jera kujeru, mun fi mutum arba'in. Saura minti ɗaya, kulob ɗin garinmu na gaba da maki huɗu, sai baƙin suka cilla doguwar ƙwallo. Mai tsaron bayanmu, Cedric Mabry, ya yi tsalle tare da mai cafkar ƙwallonsu, mai cafkar ya faɗi, ƙwallo ta faɗi. Mutane har sun fara rungumar juna. Sai ga ƙyallen rawaya kwance a kan ciyawa, alamar alƙali ya ga laifi. Talabijin ta nuno wanda ya jefa, ga ƙanena tsaye da rigarsa mai ratsin fari da baƙi. Ka ce Cedric ya riƙe mutumin kafin ƙwallo ta iso. Aka kai musu ƙwallo bakin layin ci, suka ci, aka fitar da mu daga gasar.

Tsoho Abu Fadi ne ya fara buɗe baki. Ya ce, "Ghassan, wannan ƙaninka ne kuwa, ko canza muku aka yi a asibiti?"

Yaya ya ce, "Tambayi Wafa, ita ta koya masa karatu. Ni ƙwallo na koya masa, ga shi bai iya ba."

Tun daga ranar magana ɗaya ce a bakin kowa. Wai tunda ana komawa bidiyo a duba ko ɗan wasa ya cafe ko ya taka layi, don me doka ta hana a duba hukuncin laifi? Na ce musu alƙalin da na'ura za ta riƙa bin bayansa tana gyara masa hukunci, ai ya zama ɗan aike. Shekara goma sha takwas ka yi kana busa usur a filayen makarantu cikin ruwa da sanyi kafin a kira ka gasar ƙwararru, yau shekara tara kenan. Kaf unguwar nan, wa ya taɓa taka wannan matsayi?

Jiya a zaman karatunmu na mata Ummu Hassan ta ce, "Wafa, surukina likitan ido ne, in yi wa ƙanin naki magana?" Aka yi dariya. Ka san ba na rantsuwa. Amma sai na ji bakina ya ce, "Wallahi ƙanena ya ga riƙon da idonsa."

Ka ɗaga kanka. Ka gaishe da Salwa, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Wafa

Tucson, 21 ga Janairu

Yaya Wafa,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, Salwa ta karanta sau biyu, ta yi kuka sau ɗaya. Muna lafiya.

Ki gaya wa Yaya Ghassan ƙwallon da ya koya mini ita ce ta fasa tagar liman, kuma ni aka daka. Abu Fadi kuwa tun ina wando gajere yake zagin alƙalai, da ban shiga layin ba da na ji an raina ni.

Dokar aiki ta hana ni cewa komai a kan wasan. Zancen bidiyo dai ga abin da ƙungiyarmu ta alƙalai ke faɗi. Mutum ashirin da biyu ne a fili suna ture juna, babu karon da ba a taɓa wani. In ka rage wa hoto gudu sosai, ko musabaha sai ta zama riƙo. In aka ce kowane ƙyalle sai an je an duba, wasan awa uku zai kai biyar, kuma wanda ke duba ɗin shi ma ɗan Adam ne, kujera kawai ya fi mu.

Abu ɗaya nake roƙo, Yaya. Kada ki ƙara rantsuwa a kaina.

Ƙaninki,
Ziyad

Dearborn, 6 ga Fabrairu

Ƙanena Ziyad,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kuna cikin alherinSa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, za ka ji dalili.

Layin ƙarshe na takardarka ya tsaya mini a rai. Da na bincika kaina sai na tarar sau ɗaya tak na ga abin nan, shi ma daga bayan kawunan mutane. Duk maimaicin da aka yi ta nunawa kawar da kai na yi, don ba na so in gan ka ana nuna ka da yatsa. Ashe na kama sunan Allah a kan abin da ban kalla ba.

Na je wurin Yaya da hantsi, na tarar yana yayyafa kayan ƙamshin za'atar a kan kwaɓin burodi. Na ce ya nuna mini. Ya goge hannu a jikin riga, ya jawo mini buhun fulawa, ya ce, "Zauna, Malama. Yau shekara hamsin ina jiran ranar da zan ɗora miki karatu." Ya jingina wayarsa da gwangwanin man zaitun. Ta kusurwa huɗu muka kalla, a hankali, kowace sau uku.

Ziyad, hannun Cedric bai taɓa mutumin ba. Tsakaninsu akwai tazarar da za ka zura tafin hannu. Ƙafar mutumin ce ta harɗe da 'yar'uwarta ya faɗi.

Na zaci Yaya zai yi mini shewa. Sai kawai ya naɗe burodi mai zafi ya miƙo mini, ya ce, "Ci. Ni ma ƙanena ne ai."

Na tambayi malamarmu. Ta ce wanda ya rantse yana zaton gaskiya yake faɗi ba shi da kaffara. Na gode mata, amma raina bai kwanta ba, saboda mata goma sha huɗu ne suka ji, kuma cikinsu akwai waɗanda suka koma gida suka ce wa mazansu Wafa ta rantse, ita kuwa ba ta ƙarya. Da na jira zaman Talata, wasu ba za su zo ba. Sai na bi su gida-gida. Kwana tara na yi, don babu wadda ta yarda na fita ban sha gahawa ba. Kowacce na ce mata, "Abin da na rantse a kai ba haka yake ba, na janye."

Gidan Ummu Hassan na bari ƙarshe, Allah ya yafe mini wannan ma. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Yanzu saboda ƙwallo kika tako ƙanƙarar nan da ciwon gwiwarki?" Na ce ba saboda ƙwallo ba. Sai ta ce, "Shigo, ke dai ba a cin gardama da ke a ji daɗi."

Wataƙila ka gani a jarida, kulob ɗin ya sallami Cedric ranar Juma'a. Sun ce ba ya iya riƙe kansa a lokacin da ya fi muhimmanci. Shekararsa ta farko kenan.

Ba tuhumarka nake ba. Ido yana kuskure. Tambaya ce kawai daga wadda ta yi maka shaida, me ka gani?

Yayarka,
Wafa

Tucson, 15 ga Fabrairu

Yaya,

Salam. Gida goma sha huɗu. Na karanta wurin nan na ajiye takardar, na fita na zaga unguwa.

Ban ga komai ba. Ina yadi ashirin daga wurin, jikin mai cafkar ya tare mini hannun Cedric. Faɗuwa kawai na gani. Abin da muke koya wa sababbin alƙalai tun ranar farko shi ne, abin da ba ka gani ba kada ka jefa masa ƙyalle. Ni da bakina na faɗa wa ɗaruruwa.

Ga abin da ko Salwa ban gaya wa ba. Tun da aka ce ni zan yi wasan nan nake jin habaici. Wani abokin aikina ya dafa ni a ɗakin sa kaya ya ce, "Sarhan, yau 'yan gida sun samu ɗan wasa na goma sha biyu." Wasa yake yi. Amma da mutumin nan ya faɗi, abin da ya zo mini kafin ƙiftawar ido shi ne, in ban jefa ba gobe za a ce Balaraben Dearborn ya yi wa garinsu alfarma, kuma ba za a ƙara ba wani mai irin sunana wasa babba ba. Kafin in gama tunanin hannuna ya riga ya tafi. Na cuci Cedric don a ce ni adali ne.

Ranar Talatar da ta biyo baya ofis ya aiko mini da sakamakona kamar kowane mako. An rubuta hukunci ba daidai ba. Sun sani, na sani. Al'adarmu ita ce a rage maka maki a ciki, a yi shiru a waje.

Ƙarshen Maris masu kulob-kulob da kwamitin dokoki za su zauna a Florida kan zancen bidiyon nan. Ƙungiyarmu ta zaɓe ni cikin mutum uku da za su je su ce ba a bukata. Sun ce bakina zai fi nauyi tunda ni aka fi zagi. Har sun rubuto mini abin da zan karanta, shafi ɗaya, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sai dai babu Cedric. In na kauce wa shafin, kin san sauran. Akwai mutum ɗari a layi suna jiran rigata.

Shekara ashirin da bakwai, Yaya. Ban iya wani abu kamar yadda na iya wannan ba.

Ziyad

Dearborn, 24 ga Fabrairu

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Na gode da ka gaya mini. Ka gaya wa Salwa ita ma, ta fi ni haƙƙi.

Ba zan ce maka yi ko bari ba. Ni gida goma sha huɗu na taka, abin da na rasa ɗan girman kai ne kawai, kai kuwa aikinka ne. Mai kallo daga kan kujera bai kamata ya cika baki ba, wannan na koya a watan nan.

Maganar da na yi cewa bidiyo zai mai da alƙali ɗan aike, ita ma na janye. Hujjojin ƙungiyarku ba banza ba ne, na yarda wasa zai yi tsawo. Amma da a ce ranar nan doka ta ba wani damar ya ce maka dakata mu duba, da minti biyu sun ishe ka, da sun ishi Cedric. Ban ga ƙasƙanci a cikin wannan ba. Ko mai haddar da ya fi kowa, in yana jan salla ana tsayar da wani a bayansa ya gyara masa in ya sarƙe, kuma ba a taɓa cewa an raina shi ba.

Abin da aka karantar da mu game da ɓoye shaida ka sani, ba sai na maimaita ba. Ka yi istihara. Ko wanne ka zaɓa, ɗakinka na sama yana nan.

Yayarka,
Wafa

Tucson, 9 ga Afrilu

Yaya Wafa,

Salam, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Na karanta musu shafin har ƙarshe, don na yi alkawari, kuma har yanzu na yarda da rabinsa. Sai na kife shi a kan tebur, na gaya musu abin da na gaya miki, ban rage komai ba. Na ce Cedric Mabry bai yi laifi ba, a rubuta.

Wani dattijo cikin masu kulob ya cire tabarau ya ce, "Mista Sarhan, kana nufin idonka ya yaudare ka?"

Na ce, "A'a yallaɓai, idona lafiyarsa ƙalau. Tsoro ne ya jefa ƙyallen. Kyamara kuwa ba ta da garinsu, ba ta da sunan da take karewa. Ku ba mu ita a kan hukuncin da ke iya kashe wasa, ko sau ɗaya ne ga kowane ɓangare."

Abokan tafiyata biyu ba su yi mini magana a jirgi ba. An ɗage ƙuri'ar zuwa Mayu, ban san yadda za ta kaya ba. Na rubuta wa Cedric, bai amsa ba, kuma ba dole ne ya amsa ba.

Shekaranjiya takardar ofis ta iso. Layi huɗu ce. Sun gode mini da hidimar shekara tara, ba za a bukace ni a kakar wasa mai zuwa ba.

Ki gaishe da Yaya Ghassan.

Ƙaninki,
Ziyad

Dearborn, 15 ga Afrilu

Ƙanena Ziyad,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya buɗa wa Cedric wata ƙofar.

Takardar sallamar nan nake so ka aiko mini. Ka sa ta a babban ambulan tsakanin kwali biyu, kada ta lanƙwashe. Na sa mai gilashi ya yanko firam. Akwai gurbi a bangon falo tsakanin hoton Baba da takardar saukata, na auna, daidai take.

Yayarka,
Wafa