Faifan da Aka Rataye Ranar Baƙi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban tawagar masu duba yanayin ma'aikata, waɗanda ke zagaya wuraren sana'a a ƙasar Gaya da Ajingi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kai da iyalinka da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izini in faɗi abin da ke raina a bainar jama'a. Sunana Saude, 'yar Toranke ce ni. Kowace shekara idan an kammala aikin gona, nakan taho Gaya in sauka gidan yayata, Yaya Hauwa, mu riƙa zuwa tsintar zoborodo a wani sito da ke bayan gari, inda ake tara shi a kai ƙasashen waje. Aikinmu mu zuba shi a faifai, mu cire tsakuwa da itatuwa da ƙasa. Na daɗe ina so in rubuto maka da zafin rai. Allah bai nufa ba sai yanzu da zuciyata ta yi sanyi, don haka za ka ji ƙorafi, amma godiyar ta fi yawa.

Na farko, ga yadda muke aiki kafin bana. A cikin siton ake zaunar da mu, tagogi a rufe wai kada iska ta ɓata kaya. A nan kuma ake cusa wa buhuna ƙwayar maganin ƙwari, wadda ake ce wa bom. Da safe idan aka buɗe ƙofa, wani wari kamar na tafarnuwa ne ke fara yi mana sannu da zuwa, kuma ba a jira ya fita, sai a ce mu shiga. Da yawa daga cikinmu sun kamu da tari, amma na Yaya Hauwa ya fi na kowa. Ta kai ta kawo ba ta iya idar da Fatiha a sallar asuba sai tarin ya katse ta. Ni da ke kwana a ɗakin da ke jikin nata, da tarinta nake sanin gari ya waye. Ta ƙi barin aikin, don mijinta ya tsufa, kuma da tsintar nan ake ɗora tukunya a gidan.

Na biyu, ga yadda ake karɓar mutanenku. Kun saba aiko da sanarwa kafin ku zo, mu kuwa mun sa wa ranar suna, ranar baƙi. Tun ana gobe za ku zo ake share sito, a yayyafa ruwa, a wangale tagogin da ko mu ba mu san suna buɗuwa ba. A fito da takunkumin rufe hanci da safar hannu daga kwali a raba mana, motarku na juya baya a bi mu ɗaya bayan ɗaya a karɓe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wadda ke tari sai manajan sito ya ce ta huta a gida ranar, ta rataye faifanta a ƙusa. Hutun da ba ta taɓa samu don ciwonta ba, sai ga shi tana samu don kada baƙi su ji ta.

Za ka ce me ya hana mu magana, tunda bara jami'anku sun tambaye mu? Ranka ya daɗe, sun tambaya. Sun tsaya a kanmu, manaja na gefensu yana murmushi, suka ce yaya aiki. Muka haɗa baki muka ce aiki da godiya. Suka ce akwai matsala? Muka ce Alhamdu lillahi. Suka rubuta suka tafi. Kai ma ɗan gida ne, ka san yadda aka rene mu. Wace ce za ta kai ƙarar gida wajen baƙo, maigidan na tsaye? Ko da yunwa muka kwana, idan baƙo ya ce ina kwana, lafiya lau za mu ce masa. Wannan tarbiyya ce, amma wanda ya ɗauke ta a matsayin shaida ya kai ofis, ya kai gaisuwa ne kawai.

Na uku, ga abin da ya faru bana, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. An yi sanarwa kamar kullum, an yi shara, an sallami masu tari. Cikin tawagar akwai wata jami'a da muka ji abokan tafiyarta na ce wa Hajiya. Ita ma ta gaishe mu, mu ma muka ba ta amsar da muka saba. Sai ta ɗaga kai ta ga faya-fayai rataye a bango, jan zoborodo bai ko bushe a jikinsu ba. Ta ce, "Waɗannan fa, ina masu su?" Manaja ya yi wuf ya ce tsofaffi ne, an daina amfani da su. Kowaccenmu tana da alamar da ta yi wa faifanta, na Yaya Hauwa jan zare ta ɗinka masa a baki. Wallahi ban shirya magana ba, jin an kira faifanta tsohon da aka daina amfani da shi ne ya soke ni. Na ce, "Wancan mai jan zaren na yayata ne, Hajiya. Ba ta jin daɗi."

Na sunkuyar da kai ina jiran sallama. Hajiya ba ta tambayi abin da ke damun Yaya ba, ba ta ko dubi manaja ba. Cewa kawai ta yi, "Ayya, Allah Ya ba ta lafiya. A garin nan take? Ai sai mu je dubiya." Manaja ya ce rana ta take, lungun kuma mota ba ta shiga. Ta ce a-daidaita-sahu zai shiga. To, wane Musulmi ne zai buɗe baki ya hana a je duba mara lafiya? Ƙarshe da bakinsa ya ce Allah Ya ba da lada, fuskar nan kamar ya tauna maɗaci. Ya so ya raka mu, Hajiya ta ce ai ɗakin matar aure za a shiga, ya zauna ya ji da sauran baƙi.

Mun sami Yaya a kishingiɗe a tabarma. Ita ma halin namu na ɓoye damuwa ta so ta yi. Hajiya ta ce yaya jiki, Yaya ta buɗe baki za ta ce da sauƙi, tarin ya riga ta. Ya turnuƙe ta har hawaye suka zubo. Hajiya ta ajiye jakarta, ta riƙe mata kofin ruwa, ta jira har ya lafa. Daga nan ba a sake ɓoye komai ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maƙwabta biyu da aka sallama tare da ita suka ji an yi baƙuwa suka shigo, kowacce da nata tarin. A ɗakin nan, ba manaja, ba takunkumin aro, Hajiya ta ji labarin bom da tagogi da kwalin safar hannu.

Ban san abin da ta rubuta ba, ban kuma san me aka gaya wa Alhaji mai sito ba. Na dai san abin da idona ya gani. An kafa mana rumfa a waje, a nan muke tsinta yanzu, iska na kaɗawa. Idan aka sa bom ana kulle siton, ba mai shiga sai an buɗe ya sha iska. Takunkumi ya zama namu, ko da yake sai da aka yi fama da wasu cikinmu, don sun kai nasu gida sun adana a akwati suna jiran ranar baƙi. An kai Yaya da sauran asibiti, likita ya ce ƙirjin ya jigata amma ba a makara ba, ya ba ta magani da abin shaƙa. Ni kuma ba a kore ni ba. Manaja ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata, yanzu yana amsawa, a taƙaice dai.

Na huɗu, na ji a rediyo cewa akwai ƙa'idojin aiki da ƙasashen duniya suka amince da su, har da tamu, kuma ana auna kowace ƙasa a ga ko tana cika su. An ce irin bayanan da kuke tattarawa na cikin abin da ake dubawa. Idan haka ne, to bara an auna ƙasarmu da sito mai sabuwar shara da mata masu cewa Alhamdu lillahi, alhali yayata na gida tana neman numfashi. Ba a sanin halin gida da tuwon ranar Sallah. Kuma abin da ya cece mu bana idon mace ɗaya ne da ya kai kan bango. Da wata aka turo wadda ba ta ɗaga kai ba, da har yau muna ciki.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kaɗan. Ku daina aiko da sanarwa, ku faɗo mana kamar ruwan bazara. Idan za ku tambaye mu, ku janye mu daga gaban mai ba mu aiki, kuma ku turo mata su ji ta bakin mata. Ku riƙa tambayar waɗanda ba su zo ba, don sau da yawa maganar tana wajensu. Akwai kuma wasu mata daga Kademi da tarin ya kora gida tun kafin zuwan Hajiya, ba wanda ya bi sawunsu. Don Allah a neme su, su ma a kai su ga likita.

Ina addu'a Allah Ya saka wa Hajiya da alheri, Ya jiƙan iyayen da suka koya mata zumunci. Kai kuma Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya tsare ku a hanyoyin da kuke bi. Alhaji mai sito ma Allah Ya ƙara masa buɗi, tunda da aka gaya masa ya ji.

Shekaranjiya da asuba na farka ban ji tarin Yaya ba. Na fita ko takalmi ban sa ba, na ɗaga labulen ɗakinta ina salati. Na same ta zaune a kan sallaya tana lazimi, ta idar da sallarta ba abin da ya katse ta. Ta harare ni ta ce lafiya nake faɗo wa mutane ɗaki ba sallama? Na tsaya a bakin ƙofa ina dariya ina hawaye. Da hantsi ya yi muka tafi aiki tare, karo na farko tun ranar baƙi, ta sauke faifanta daga ƙusa da hannunta.

Wassalamu alaikum.

Taku mai biyayya,
Saude, mai tsintar zoborodo,
daga Toranke, mazauniyar Gaya.