Sikelin da Ba Ya Wuce Casa'in

Zuwa ga Shugaban asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tsoho ne, ƙafa ta ƙi, ido ya raunana. Amma shekara ashirin na yi ina malamin sikeli a zamanin gyaɗa. Na san sikeli mai gaskiya, na san maƙaryaci.

Na ɗaya. Shekara shida matata, Hajiya Rabi, tana zuwa wajenku duk wata saboda hawan jini. Ga katinta a gabana: kilo casa'in, casa'in, casa'in, daga shafin farko har na ƙarshe. A shekarun nan sau biyu tela yana buɗa mata riguna, har ta koma salla a zaune. Ashe allurar sikelinku ba ta wuce casa'in! Sai bayan rasuwarta na gane, ran da na je nawa awon na ga wani ƙaton mahauci ya hau, allura ta tsaya nan cak. Da na yi magana, ma'aikaciyar da ke awon ta ce ai kowa ya sani. Rabi ba ta sani ba.

Na biyu. Ba wanda ya taɓa auna tsayinta ko ƙugunta, balle ya gaya mata ƙibar nan ce ke rura hawan jinin, ita ce kuma ta jawo ciwon suga. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Daɗi nake ji in dangi suka ce Rabi ta samu hutu, sai in ƙaro tsire da lemon kwalba. To, ni ban karanci likitanci ba. Ku fa?

Na uku. 'Yata Hauwa kaɗai ta rage mini, ita ke kawo mini tuwo. Jikin uwarta ta ɗauko, haki take kafin ta isa Kasuwar Kurmi. Makon jiya ta nuna mini katinta na asibitinku. Casa'in.

Don haka ina roƙo a fitar da wannan sikeli, a kawo mai gaskiya. A riƙa auna tsayi da ƙugu. A zaunar da mutum a gaya masa da Hausa: rage maiƙo, rage zaƙi, rage loma, taka ƙasa kullum, sannu a hankali, ban da shayin rage ƙiba na 'yan talla. In kun rasa mai duba sabon sikelin, a ɗauko ni, hannuna bai manta ba.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya tsare maka iyalinka, kada ya nuna maka ranar da za ka ci tuwo kai kaɗai.

Wassalam.

Malam Sule Mai Sikeli,
cikin birnin Kano.