Sai an gama rufe lakar

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da 'yata. Yaya ƙafar taki?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Har yanzu ina wankin kayan ma'aikatan gyaran kogi. Sabulu ya ɗan cinye mini hannu, amma da sauƙi.

Kin ce in dawo gida, wai me ya rage mini a nan tunda maigidana ya rasu. Inna, ki ƙara haƙuri. Baƙin mai ne kwance cikin lakar ƙasan kogin nan. Ba a haƙo shi, don da an taɓa sai ya taso ya ɓata ruwan. Sai dai a shimfiɗa masa wata tabarma mai kauri, a riƙa zuba yashi a hankali daga jirgi. Kafin rasuwarsa, maigidana ne mai zuba yashin. Abokansa kan tsokane shi, su ce, "Malam, gishiri kake sa wa miya?" Kullum da safe yakan tsaya bakin ruwa ya duba ko mai yana ƙyalli a sama. Yanzu ni ke tsayawa.

Gefen da ya fara rufewa saura kaɗan. Ina so in ga an rufe shi, sannan in taho.

Ki aiko mini da hoton yarinyar, ina kewarta. Ki gaya mata rigar aikin babanta tana nan. Ita kaɗai ce ban wanke ba.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki