Madarar Ƙarƙashin Gado

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ciwon bayan nan naki da ba ya tashi sai an ce ki zo jinya. Mu nan da sauƙi, tunda haka ake cewa.

Bari in fara da yabon ruwan gwaiba, don ya cancanta. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a bakin kasuwa ina yi masa shaida: yana wanke jini, yana gyara fata, yana ƙarfafa ƙashi, ya fi madara sau goma. Ban karanta wannan a ko'ina ba. Wata rana ce ciniki ya mutu, bakina ya ƙago, na ga mutane sun tsaya, sai na riƙe. Ban damu ba, don mai saye ya san kirari ne, ƙishirwa ce ta kawo shi. Ashe akwai mutum ɗaya da ta haddace komai: tsohuwar da ke zama a benci bayana tana ɗauraye min kofuna. Uwarmu.

Kin san Mama ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Abin da ban faɗa miki a waya ba shi ne, jiya mun koma asibiti, sati bakwai da yin aiki, hoto ya nuna ƙashin yana jan ƙafa wajen haɗewa. Ta rame, har zobenta yana zamewa. Nama ba haƙorin taunawa, kifi ta ce ƙarni, ƙwai ta ce yana tayar mata da zuciya. Likita bai ɓoye min ba: in ta ci gaba da ramewa haka, da wuya ta sake tsayawa da ƙafarta.

Aka tura mu wurin wata nas mai kula da abincin majinyata. Ta tambaye ni me Mama take sha, na faɗa. Sannan ta juya katinmu ta yi min bayani a bayansa. Madara tana da furotin mai gina tsoka, da kalsiyam da ƙashi yake nema, da ɗan mai da zai riƙe jiki. Gwaiba kuwa bitamin C gare ta, har ta fi lemu, kuma yana taimaka wa rauni ya warke. Amma furotin da kalsiyam ɗinta ba su taka kara sun karya ba, kuma in na markaɗa na tace na zubar da tuƙar, yawancin abin da ya rage ruwa ne da sukarin da na zuba da hannuna. Ta ce kowanne da aikinsa, amma ƙashin Mama madara yake jira.

Mama ta saurare ta har ƙarshe, ta sa mata albarka. Muna fita ta ce min yarinyar tana da kirki, sai dai ba ta san gwaiba ba.

Gwangwanayen madarar da kika aiko sun iso. Na jera su a kan tebur kusa da gadonta. Ko kallonsu ba ta yi.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Mai Gwaiba

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki. Kin ce in lallashe ta, in faɗa mata gaskiya. Na gode, da ban yi wannan tunanin ba.

Na lallashe ta. Na roƙa, na durƙusa, na kira ƙanwarta ta roƙa, maƙwabciyarmu tela ta shigo ta roƙa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ɗauki kofi ya nufi bakinta kamar jaririya, ita kuwa ta juya fuska bango. Na zuba madarar cikin ruwan gwaiba a ɓoye, ya yi gudaji-gudaji, ta leƙa kofin ta ce in mayar wa wanda ya sayar min.

Gaskiyar ma na faɗa. Na zauna a bakin gado na ce duk abin da ta ji ina faɗa a kasuwa kirarin ciniki ne, ni na ƙirƙiro. Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Ta dube ni ta ce ita ba ta haifi maƙaryaciya ba, likitoci ne suka tsorata ni, in daina zubar da mutuncin sana'ata. Kin ji, Yaya. Sau ɗaya na faɗi gaskiya a kan gwaiba, shi ne aka ƙaryata ni.

Na gaji. Da safe in ɗaga ta, in wanke ta, in canza zanin gado, in ruga kasuwa in buɗe rabin yini, in dawo in tarar da kofin madara ya yi fata a sama inda na bar shi. Kullum in na ɗaga ta sai in ji ta ƙara sauƙi a hannuna. Wannan sauƙin ne yake tsorata ni. A kasuwa kuma bakina ya mutu, mutane suna tambaya ko ba ni da lafiya, don yanzu ruwa mai sanyi kawai nake cewa.

A gaida yara.
Ƙanwarki

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Yau da labari, ki karanta a zaune.

Sati uku da suka wuce Mama ta aike ni sayen sabulu. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce kada in karɓi na saman tebur, in ce wa mai shagon ya ɗauko na ƙasa. Na tsaya riƙe da labule kamar an mare ni. Matar nan shekara arba'in ta yi tana sayar da yadi. A saninta, kayan da aka jera a gaba ana roƙon mutum ya ɗauka, kwantai ne. Mai kyau yana ƙasa, sai wanda ya sani. Mu kuwa mun jera mata madara a kan tebur, muka tara dangi suna roƙonta.

A ranar na kwashe gwangwanayen, na sa a kwali, na tura ƙarƙashin gadona na rufa da tsohon zani. Na daina maganar madara. Da la'asar na kira tela, muka tsaya bakin ƙofar ɗakin Mama, na yi raɗa irin wadda ake ji daga titi. Na ce wannan ba irin ta shago ba ce, da ƙyar Yaya ta samo, ba za a ɓata ta a kan wanda ba ya so ba, ni zan sha abata. Tela ta kusa ɓata mana shiri da dariya. Kwana uku ina damawa a bayan labule, cokali yana ƙara a kofi kamar ƙararrawar makaranta.

Rana ta huɗu ta kira ni da cikakken sunana. Ta ce in fito da abin da kika aiko mata, ba ni aka aiko wa ba. Na yi gardama kaɗan, don kada kayan su faɗi daraja. Yanzu safe da yamma take sha, kuma sai ta ga na ɗauko daga ƙarƙashin gado. Shekaranjiya ta kama ƙarfen tafiya ta tako daga gado zuwa ƙofa. Likita ya ce ƙashin ya fara kamawa.

Sai dai yanzu ruwan gwaiba ne ya zama na saman tebur a idonta, ta ƙi shi sam, alhali nas ta ce a ci gaba da ba ta rabin kofi saboda raunin aikin. Wannan zan san dabararsa. Wanda ban san dabararsa ba shi ne na jiya. Ina goge mata baki, ta riƙe hannuna, ta ce ba ta yi fushi ba, ita ma 'yar kasuwa ce, amma ba ta taɓa zaton zan ɓoye wa uwata mai kyau in ba ta na saman tebur ba. Ta faɗa a hankali, ta saki hannun. Tun daga nan tela take kira in tana son a gyara mata matashi.

Ki gaida maigidan da yara, Allah ya sawwaƙe bayan.
Ƙanwarki, Mai Gwaiba

Ke da kika yi karatu mai zurfi, ki ba ni shawara irin taki mai sauƙi: in faɗa mata gaskiya ta ajiye kofin, ko in bar ta ta miƙe da ƙafarta tana min kallon ɓarauniya?