Ajiyar Oga Lukuman

Talata, 5 ga Yuni, 2007

Oga Lukuman ya faɗi jiya. A shago, gaban firinta, yana cikin yi min faɗa wai na bar mesinja a buɗe a kwamfuta ina hira kwastoma na jira. Sai na ga bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki takarda. Masu shagon ɗinki na kusa da mu ne suka ɗauke shi zuwa asibiti.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yana gani, yana ji, magana ce babu.

Alhamis, 7 ga Yuni

Na buɗe kafen intanet ɗinmu ni kaɗai. Kowa ya shigo sai ya ce, Ummusalma ina Oga? Ni kuma in ce yana samun sauƙi.

Ga wata sabuwa. Babbar kwamfuta, wadda ke buga tikitin lokaci ta buɗe wa sauran, ta fito da jan rubutu: a sabunta rajista kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za ta kulle. In ta kulle, duk kwamfutocin nan sun zama akwatuna. Sabuntawa kuma sai an shiga da fasuwod ɗin Oga. Ni nawa na sayar da tikiti ne kawai.

Na kira kamfanin a Legas. Wata mai sanyin murya ta ce sai mai asusun da kansa. Na ce ba ya magana. Ta ce ayya, Allah ya ba shi lafiya, amma dokarsu ke nan.

Asabar, 9 ga Yuni

Na gwada sunan matarsa, na 'ya'yansa, har lambar babur ɗinsa. Kwamfutar ta ce in na sake kuskure za ta rufe asusun gaba ɗaya. Na janye hannuna kamar na taɓa wuta.

Lahadi, 10 ga Yuni

Anti Hassana, matar Oga, ta ja ni gefe a barandar asibiti. Ta ce ya daɗe da gaya mata, in wani abu ya same shi a je wurin Baba Pwajok a Tina Junction, mabuɗin shago na wurinsa. Ita ta ɗauka na ƙofa yake nufi.

Baba Pwajok! Tsohon da ya yi aikin kuza tare da mahaifin Oga, wanda ko wayar hannu jikarsa ke danna masa. Ni da nake share shagon nan kullum, na san kukan kowace kwamfuta, ba a ba ni ba. Abin ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. To amma ni ma na san bakina.

Laraba, 13 ga Yuni

Na je da ruwan sama a kaina. Na same shi a rumfa yana gyaran keken ɗinki. Ya sa aka kawo min shayi kafin ma in faɗi abin da ya kawo ni.

Ashe mabuɗin fasuwod ɗin ne, kuma ba a rubuce yake ba. A kansa yake. Ya ce bayan rikicin nan da shagon Oga na farko ya ƙone, Oga ya zo ya ce masa takarda tana cin wuta, kuma in fitina ta tashi unguwa guda take haɗiyewa da mutanenta, don haka ajiyarsa ba za ta kwana a unguwarsa ta Kwararafa ba, sai a ɗaya ɓangaren gari. Duk Asabar yana zuwa su sha shayi, kafin ya tafi ya ce, Baba karanto. Shi kuma ya karanto, kamar ɗan makarantar Lahadi.

Na ce to Baba karanto min.

Ya girgiza kai. “'Yata, abu biyu ya gaya min. In ya mutu, ko in ya aiko da bakinsa. Ya mutu?”

Na ce Allah ya kiyaye.

“Ya aiko?”

Na ce da wane bakin, Baba?

Ya daɗe yana juya sukurudireba a hannu. Ya ce su biyun babu wanda ya kawo wannan a ransa. Amma shi bai taɓa buɗe ajiyar mutum yana da rai ba tare da izininsa ba, kuma ba zai fara da ɗan amininsa ba.

Na fito ina jin haushinsa. A cikin tasi kuma na ga cewa da ni ce na yi ajiyar, irinsa zan so.

Juma'a, 15 ga Yuni

Baba ya zo asibiti da kwat ɗinsa ta zuwa coci da ledar lemo. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun Oga mai lafiyar.

“Lukuman, ga yarinyar shagonka. Injin zai kulle. In ba ta? In ka yarda matsa hannuna.”

Ni da Anti muka zuba wa Oga ido. Oga ya kalle ni, ya kalli Baba. Sai ya zare hannunsa a hankali ya juya fuska bango.

Ban san lokacin da na fita ba.

Asabar, 16 ga Yuni

Bai yarda da ni ba. Shi ke nan.

Litinin, 18 ga Yuni

Jan rubutun na nan. Masu kayan gwari na kasuwar Farin Gada sun zo duba saƙon dillalinsu na Fatakwal kamar kullum, ɗalibai na cike takardun makaranta, ni ina murmushi ina miƙa tikiti. Babu wanda ya san komai. Wata ƙawata ta Kaduna da muke hira a mesinja ta ce in nemo yaran da ke fasa fasuwod. Na tsaya ina kallon saƙon. Shagon mutum, yana kwance yana kallon silin? Na rufe mesinjan.

Laraba, 20 ga Yuni

Anti ce ta buɗe min ido. Tana matse tawul tana cewa, “Ke Ummu, ba ke ya ƙi ba. Kullum kika zo sai ki ce masa kujerarka na jiranka, sati mai zuwa za ka dawo. In ya ce a ba ki, ai ya yarda ba zai dawo ba ke nan.”

Na ce to Anti me zan ce masa?

Ta ce likita ya riga ya faɗa masa. Mu ne muka ƙi faɗa.

Asabar, 23 ga Yuni

Yau na je ni kaɗai. Na fara da surutuna na banza, janareta na tari, Alhajin tumatir ya sake manta adireshin imel ɗinsa, ɓera ya ci wayar kwamfuta lamba shida. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Sai na yi shiru. Ni da shiru!

Na ce, Oga, ba na jin za ka dawo bana. Wataƙila ma baɗi. Ni ma ba na so. Amma shagon nan da shi Anti ke dafa abinci, da shi yara ke zuwa makaranta, kuma sunanka ne a allon. In ya kulle ba ka da wurin da za ka dawo ko da zama ne a kujera ka riƙa yi min faɗa da ido.

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Na rasa ko in goge ko in bari, ba muharramina ba ne. Na kira Anti.

Ban tambaye shi komai ba. Na tafi.

Talata, 26 ga Yuni

Anti ta kira da safe. Wai tun jiya yake nuna ledar lemon da Baba ya kawo, yana nuna ƙofa, sai daga baya ta gane.

Baba ya zo. Bai ma gama tambayar ba Oga ya damƙe hannunsa, har tsohon ya ce, “Kai, Lukuman, za ka karya ni!” Muka yi dariya muna kuka.

A baranda ya sa na sunkuyo ya faɗa min a kunne, sau biyu. Da ya gama ya sauke numfashi ya zauna a benci. Ya ce ji yake kamar ya raka gawa, alhali mutumin na ciki yana numfashi.

Na sabunta. Jan rubutun ya tafi.

Asabar, 30 ga Yuni

Kamfanin ya sa na canza fasuwod. Na zaɓi sabo, ba zan rubuta shi nan ba.

Da la'asar na rufe shago na hau tasi zuwa Tina Junction. Na roƙi Baba ya riƙe min sabon, ya ce ya tsufa, in nemi mai ƙuruciya. Na ce sai dai shi. Na faɗa masa, ya maimaita har ya zauna masa, sannan ya ce to faɗi sharaɗinki.

Na ce in na mutu, ko in na aiko, ko in ina raye amma bakina ya rufu. A ba Anti Hassana, kada a tsaya tambayata.

Ya kalle ni ta saman tabarau. “Yarinya ƙarama da wannan magana?”

Na kalli kofin da ya miƙo min. Shayin ya huce a hannuna.

Da na dawo na tarar da wani mutum a ƙofa, ya ce mai shagon yake nema. Na ce ga ni. Sai da na buɗe kwaɗo na kunna fitila na ji abin da na faɗa.